Bambancin jijiyoyin hannu da ƙarfin matsin yatsu: abin da ya kamata a sani

Hannun ɗan Adam ba iri ɗaya ba ne daga ciki. Mutum biyu za su fito ciki ɗaya, amma wannan yana da wata jijiya a wuyan hannu, wancan ba shi da ita. Wani kuma jijiyoyinsa biyu sun haɗe a wurin da na sauran mutane suke a rabe. Likitoci sun daɗe da sanin haka, kuma sun yi awo domin su ga ko wannan bambanci yana rage ƙarfin da mutum ke matse abu da shi tsakanin babban yatsa da sauran yatsu. Abin da suka samu shi ne, galibi ba ya ragewa, in ma ya rage to kaɗan ne. Sai dai akwai raunin yatsu wanda ba halitta ba ne, ciwo ne, kuma shi ne ba a son a yi jinkiri da shi. Ga bayanin dalla-dalla.

Wace jijiya ake nufi?

A Hausa kalmar jijiya abu uku ta ƙunsa. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, wadda in ta mutu wurin ya daina ji ko ya daina motsi. Akwai kuma farar jijiya mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da mahauta ke fiddawa daga ƙafar sa. Wannan ta ukun ita ce zancenmu, kuma duk inda muka ce jijiya kawai ita muke nufi. Ta biyun za mu kira ta jijiyar saƙo.

Duk wanda ya taɓa wasa da ƙafar kaza yana yaro ya san aikinta: ka ja farin zaren nan, sai yatsun kazar su dunƙule. To, haka hannunmu yake. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba cikin yatsun suke ba, suna can cikin damtse, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan jijiyoyi ke miƙewa kamar igiyar guga, su ratsa wuyan hannu, su je su kama ƙasusuwan yatsu. Ta ɓangaren tafi, jijiyoyi 9 ne ke bi ta wani matsattsen rami guda a wuyan hannu tare da wata babbar jijiyar saƙo: bibbiyu na kowane yatsa huɗu, ɗaya ta babban yatsa. Ta bayan hannu kuwa, jijiyoyin da ke miƙar da yatsu suna bi ta hanyoyi 6. Shi babban yatsa kaɗai, tsoka huɗu ke jan sa daga damtse, wasu huɗu kuma suna nan cikin tafin hannu, a tudun naman da ke gindinsa.

Mene ne ƙarfin matsin yatsu?

Damƙa daban, matsi daban. Damƙa ita ce riƙon ƙotar hauya ko taɓarya da hannu gaba ɗaya, ko riƙon da ɗan kokawa ke yi wa abokin karawarsa. Matsi shi ne kamun da babban yatsa ke yi da wani yatsan, kuma iri uku ne.

Na farko, matsin kan yatsu: kan babban yatsa ya haɗu da kan manuniya, kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa ko mai zura zare cikin allura. Na biyu, matsin makulli: babban yatsa ya danne abu a gefen manuniya, kamar mai murɗa makullin moto ko mai miƙa takardar kuɗi. Na uku, matsin yatsu uku: babban yatsa da manuniya da na tsakiya, kamar riƙon alƙalami ko tsunkular gishiri. Ɓarar gyaɗa, kitso, tatsar nono, ɗinkin hula, saƙar tabarma, dashen albasa, aikin dukawan Damagaram, duk da ɗayan ukun nan ake yin su.

Ana auna shi da wani ɗan ƙaramin ma'auni da ake matsawa ya nuna kilo. A shekarar 1985, Virgil Mathiowetz da abokan aikinsa sun auna sama da mutum 600 a yankin Milwaukee na ƙasar Amurka, kuma har yau masu gyaran gaɓoɓi suna duba lissafinsu. A hannun dama, matsin makulli na maza ya kai wajen kilo 11, na mata wajen kilo 7. Matsin kan yatsu ya fi rauni: kusan kilo 8 ga maza, kilo 5 ga mata. Damƙa kuwa wajen kilo 47 ga maza, kilo 28 ga mata. Sun kuma ga cewa ƙarfin matsi ba ya canzawa sosai daga shekara 20 zuwa 59, sai daga 60 yake fara sauka a hankali. Wannan awon na Amurkawa ne, kada a ɗauke shi a matsayin mudun da za a auna kowa da shi. Amfaninsa dai ya nuna mana cewa jinsi da shekaru sun fi komai tasiri.

Akwai wani lissafin mai ban mamaki. A 1977, Cooney da Chao sun nuna cewa in ka matse abu da ƙarfin kilo 1 a kan yatsa, nauyin da ke sauka a kan gaɓar gindin babban yatsa ya kai wajen kilo 12. Shi ya sa wannan gaɓar ke yawan ciwo ga tsofaffi, musamman mata.

Jijiyar da wasu ba su da ita

Wadda aka fi sani cikin bambance-bambancen nan ita ce doguwar jijiyar tafi, wadda likitoci ke kira falmaris longus. Kowa zai iya duba tasa yanzu. Ka juya tafin hannunka sama, ka haɗa kan babban yatsa da kan ƙaramin yatsa, sannan ka ɗan lanƙwaso wuyan hannun wajenka. In wata siririyar igiya ta taso daidai tsakiyar wuyan hannun, kana da ita. In wurin ya tsaya sumul, mai yiwuwa ba ka da ita. A kula, akwai wata jijiyar a gefenta ta wajen babban yatsa wadda kowa ke da ita, kada a ɗauki wannan a matsayin waccan. Wani yana da ita a hannu ɗaya, ɗayan babu.

Tun a 1559 wani masanin jikin ɗan Adam ɗan ƙasar Italiya, Realdo Colombo, ya rubuta cewa ba kowa ke da ita ba. Littattafan likitanci sukan ce kusan kashi 15 cikin ɗari na mutane ba su da ita, amma abin ya danganta da al'umma. Wani bincike a Turkiyya ya samu sama da kashi 60 cikin ɗari ba su da ita. A nahiyarmu ta Afirka rashinta bai da yawa: binciken da aka yi cikin Yarbawa a Legas, aka buga a 2009, ya samu kashi 6.7 cikin ɗari, na Zimbabuwe kuma kashi 1.5. Abin yana bin jini, ana gadonsa.

To, rashinta yana rage ƙarfi? A 2005, likita Sandeep Sebastin da abokan aikinsa a Singafo sun auna mutum 418, masu ita da marasa ita. Ba su samu wani bambancin a zo a gani ba, a damƙa ko a matsi. A 2013 wani bincike kan yara ƴan firamare a Turkiyya ya samu ɗan ragi a matsin babban yatsa da yatsan zobe da kuma ƙaramin yatsa ga waɗanda ba su da ita. Wani kuma a 2010 ya nuna tana ɗan taimakawa wajen ɗaga babban yatsa daga tafi. Amma matsin da ake yawancin aiki da shi, na babban yatsa da manuniya, bai dogara da ita ba.

Wannan ne ma ya sa likitocin fiɗa suke ɗaukar ta kamar tayar safiya ta mota. In wata jijiya mai muhimmanci ta tsinke ta lalace, sai su ciro wannan, mai tsawon da kan kai wajen santimita 15, su yi mahaɗi da ita, kuma hannun da aka ciro ta bai rasa komai ba. Wanda ba shi da ita, akwai wasu wuraren da ake ɗaukowa, har daga ƙafa.

Babban yatsa da manuniya a ɗaure tare

Gwaji na biyu: ka buɗe hannunka, yatsu a miƙe, sai ka lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta babban yatsa kaɗai. Ka sa ido a kan manuniya. In kanta ya lanƙwasa shi ma ba da son ranka ba, to akwai wani ɗan zare da ya haɗa jijiyar babban yatsanka da ta manuniya a cikin damtse ko wuyan hannu. Wasu in aka riƙe musu manuniya a miƙe, babban yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai, ko su ji wani ja a wuyan hannu.

Likitoci biyu na Amurka, Linburg da Comstock, su suka yi bayaninsa a 1979, shi ya sa ake kiran abin da sunansu. Cikin mutum 194 da suka duba, kashi 31 cikin ɗari suna da shi aƙalla a hannu ɗaya, kashi 14 a hannu biyu. Da aka tattara binciken ƙasashe da dama daga baya, sai lissafin ya tsaya wajen mutum ɗaya cikin biyar.

A nan ga abin lura. Jijiyoyin nan biyu da suka haɗe, su ne dai ke aiki tare in za a yi matsin kan yatsu. Ke nan haɗewarsu ba ta hana matsewa, tunda dama tare ake son su ja. Abin da take ragewa shi ne ƴancin yatsun, wato kowanne ya yi motsinsa shi kaɗai. Manomi ko makiyayi zai tsufa bai san yana da shi ba. Wanda zai iya jin sa shi ne mai aikin da ke son yatsu su rabu da sauri, kamar makaɗin gurmi ko molo, mai buga na'urar rubutu, ko tela mai ɗinkin hannu. Kaɗan daga cikinsu sukan samu ciwo a wuyan hannu saboda yawan jan zaren. Hutu da magani sukan wadatar, in abin ya ƙi sai a yi ɗan ƙaramin aiki a yanke zaren.

Ƙaramin yatsa mai bin na kusa da shi

Mun ce kowane yatsa huɗu yana da jijiya biyu masu lanƙwasa shi: ta sama mai lanƙwasa gaɓar tsakiya, da ta ƙasa mai kaiwa har gaɓar ƙarshe. A ƙaramin yatsa, ta saman nan tana yawan bambanta. Ka sa wani ya riƙe maka sauran yatsu uku a miƙe, ka gwada lanƙwasa ƙaramin yatsa a gaɓar tsakiya. Wasu za su iya nan take. Wasu ba za su iya ba sai an saki yatsan zobe, alamar jijiyoyin biyu a haɗe suke. Wasu ƙalilan ko an saki ba za su iya ba.

Game da damƙa, masu bincike sun rabu: wasu sun samu ɗan ragi, wasu ba su samu ba. Game da matsi kuwa, ƙaramin yatsa ba ya cikin iri ukun da muka lissafa, saboda haka babu abin damuwa. Inda sanin wannan ke da amfani shi ne wajen rauni. In mutum ya yanke a ƙaramin yatsa, malamin asibiti yakan gwada ɗaya hannun ma, don kada ya ɗauka jijiya ta tsinke alhali haka aka halicci mai ita.

Gindin babban yatsa: inda bambanci ke iya zama ciwo

A gefen wuyan hannu, ta wajen babban yatsa, akwai jijiyoyi biyu da ke bi ta hanya ɗaya matsattsiya, su ne ke ɗaga babban yatsa da buɗe shi. Zanen littafi yakan nuna kowacce igiya guda, amma ga yawancin mutane ɗaya daga cikinsu ta rabu biyu, uku ko fiye. Sannan kusan mutum ɗaya cikin uku, wasu ƙidayoyin ma sun fi haka, yana da wani ɗan bango da ya raba hanyar gida biyu.

Wannan kaɗai ba ciwo ba ne, kuma ba ya rage ƙarfi. Amma in aiki ya yi yawa hanyar ta yi kauri ta ƙuntata, sai jijiyoyin su riƙa gogawa. Ciwon ke nan da wani likitan ƙasar Suwis, Fritz de Quervain, ya yi bayaninsa a 1895. Ya fi kama mata, musamman masu jego da ke ɗaga jariri ta hammata sau da yawa a wuni, da masu matsar wanki. Mai shi in ya zo murɗa makulli ko ɗaukar buta sai ya ji kamar an soka masa allura, sai hannun ya saki. Zafi ne ke kashe ƙarfin, tsokar lafiyarta lau.

Gwajinsa: ka naɗe babban yatsa cikin tafi, ka rufe shi da sauran yatsu, ka karkatar da hannun wajen ƙaramin yatsa. Ɗan ja kaɗan ba komai ba ne, ko mai lafiya yana jin sa. Zafi mai tsanani shi ne alama. Ana fara magani da hutu da ɗaurin da ke tsayar da babban yatsa, sannan allura a wurin. To, a nan bangon nan ke shigowa: allurar tana iya shiga ɗaki ɗaya ta bar ɗayan, ciwon ya ƙi tafiya. Cikin waɗanda abin ke kai su ga fiɗa, masu bangon sun fi yawa. Hoton ekografi yana iya nuna shi. Saboda haka wadda aka yi wa allura ba ta ji sauƙi ba, ta koma wurin likita, ba wai maganin ya ƙare ba ne.

Tsokar ƙari da jijiyar saƙo

Kusan rabin mutane suna da wani ɗan reshen tsoka na ƙari a jikin tsokar da ke lanƙwasa babban yatsa. Wani Bajamushe mai suna Gantzer ya yi bayaninsa a 1813. Yawanci shiru yake zaune. Jefi-jefi yakan danne wata jijiyar saƙo da ke wucewa kusa da shi, wadda ita ke ba da umarni ga gaɓar ƙarshe ta babban yatsa da ta manuniya. Mai wannan matsala in aka ce ya haɗa kan yatsun biyu ya yi da'ira kamar zobe, ba zai iya ba, sai yatsun su haɗu a baje. Allura ko kwabo sai su gagare shi ɗauka, alhali yana jin taɓi lafiya lau. Wannan ba kasafai ake ganinsa ba, kuma da yawa sukan warke cikin watanni, amma likita ne zai tantance.

Yadda za a bambanta halitta da ciwo

Bambancin halitta da shi aka haifi mutum, ba ya ƙaruwa, kuma galibi ba ya zafi. Raunin da ya zo daga baya, jiya kana iya abu yau ba ka iyawa, wannan wani abu ne daban.

Ga gwaji mai sauƙi da wani likitan Faransa, Jules Froment, ya fito da shi a 1915. Ka riƙe takarda tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, wani ya ja. Hannu mai lafiya zai riƙe ta babban yatsan yana kwance a miƙe. In kan babban yatsan ya lanƙwashe sosai kafin ya iya riƙewa, to tsokar cikin tafi ta yi rauni, alamar jijiyar saƙon da ke bi ta bayan gwiwar hannu ta taɓu. In ta mutu gaba ɗaya, matsin makulli yana iya faɗuwa da fiye da rabi. Babu wani bambancin halitta cikin waɗanda muka lissafa da ke yin ɓarna irin wannan.

Wannan jijiyar saƙon ita ce kuturta ta fi kamawa a hannu. Duk wanda ya ga wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, ga kuma mutuwar ƙaramin yatsa da na zobe, ko abubuwa suna suɓuce masa, ya je CSI mafi kusa tun da wuri. Maganin kuturta kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma a jihar Maraɗi akwai cibiyar Danja da ta daɗe tana wannan aiki. Ko hannun da ya riga ya shanye ana iya taimakonsa: likita Paul Brand, a garin Vellore na Indiya, ya yi suna wajen sauya wa jijiya mai rai wurin kamu domin ta yi aikin wadda tsokarta ta mutu.

Sai yankan wuƙa, lauje, kwano ko kwalba. Fatar tana iya warkewa cikin sati guda alhali jijiyar ciki ta tsinke, kuma tsokar damtse tana ta jan guntun sama. In bayan yanka wata gaɓar yatsa ta ƙi lanƙwasuwa ko ta ƙi miƙewa, wannan ba aikin ɗori ba ne, domin ba ƙashi ne ya karye ba, kuma ba aikin shafe-shafe ba ne. Ɗinki ake yi a asibiti, kuma ya fi kyau cikin kwanakin farko. In an wuce sati biyu zuwa uku aikin yana ƙara wuya. Bayan ɗinki akwai ɗauri na wajen sati 6 da motsa yatsu a hannun masu gyaran gaɓoɓi, waɗanda muke ce wa kine, kuma sai kusan wata uku kafin a koma aiki mai nauyi. Ƴan uwa mazauna waje da ake bugo wa waya a ce wane ya yanke, wannan ita ce tambayar da za ku fara yi: yatsan yana lanƙwasuwa kamar da?

Masu ciwon sukari da mata masu juna biyu su ma su lura da mutuwar yatsu cikin dare, ko yatsan da ke maƙalewa sai an miƙar da shi da ɗaya hannun. Haka nan wanda ya taɓa karaya a wuyan hannu, in bayan makonni babban yatsansa ya ƙi ɗaguwa farat ɗaya, jijiyar da ke ɗaga shi ce ta tsinke, kuma ana gyarawa ta hanyar aro ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu da ke miƙar da manuniya. In kuwa hannu ya mutu nan take tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti a lokacin.

Wanda ya yi gwaje-gwajen nan ya ga ba shi da wata jijiya, ko yatsunsa biyu suna motsi tare, amma ba zafi kuma aikinsa na tafiya, ya kwantar da hankalinsa, ba ya bukatar magani ko tofi. Ya dai riƙe abin a ransa, ya faɗa wa likita in wata rana rauni ya same shi a hannun. Allah ya ƙara mana lafiya.